Haƙorin da ban duba ba

Shekarun baya, lokacin da nake sayar da kunun tsamiya a bakin kasuwar Yendi, haƙorana suka fara damuna. Da na kurɓi ruwan randa sai in ji wani abu ya tsarga mini har ƙwaƙwalwa, kamar an soka allura. Tsoro ya kama ni, domin yayata ciwon haƙori ne ya kumbura mata muƙamuƙi a Salaga, kuma ba ta tashi ba. Na ce wa kaina, shi ke nan, tsutsa ta shiga nawa bakin. Har na aika wa wanzami ya zo ranar Asabar ya cire mini.

Allah ya sa mahaifiyata ta zo mana daga Salaga a makon. Da ta ji zancen wanzami sai ta ce, "Wanne zai cire?"

Na ce, "Inna, ai duk gefen nan ne."

"To, duk gefen zai kwashe? Zo nan cikin rana."

Ta zaunar da ni a tsakar gida, ta sa na wage baki, ta leƙa sama da ƙasa. Ba ta ga rami ba, ba ta ga baƙi ba. Ta ɗauki bakin ludayi tana ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ban ji komai ba. Sannan ta ba ni ruwan sanyi. Na zabura.

"Har yanzu yana yi?"

Na ɗan saurara. "Ya wuce."

Ta ce, "Wannan ba ruɓa ba ce. Haƙorin da ya ruɓe guda ɗaya ne, za ki nuna shi da yatsa. Zuginsa ba ya jiran ruwa, in ya zo kuma ba ya saurin tafiya. Naki tsami ne ya cinye musu baya, kika bi su da gawayi kina dirza kamar gindin tukunya."

Gaskiyarta ne. Kullum sai na ɗanɗana tsamiya sau biyar ko shida kafin kunu ya yi mini daidai. Na rage ɗanɗane, na bar gawayi, na koma asuwaki mai laushi. Wanzami ya zo ya sha kunu ya koma. Kafin wata biyu ina shan ruwan randa lafiya lau.

Daga nan fa na zama malamar haƙori. Duk macen da ta dafe kunci a kasuwa sai na ce mata tsami ne, ta bar gawayi. Na riƙe amsar Inna, na yar da yadda ta yi ta same ta.

Bayan kaka, maigidana yana shirin kai goro Bawku, an gama ɗaure wa jakuna kaya, na kawo masa ruwa. Ya kurɓa ya runtse ido.

Ya ce, "Haƙorin nan na ciki yana matsa mini. Ko in bari sai ayari na gaba, wanzami ya gani tukuna?"

Na yi dariya. "Haba Maigida, irin nawa ne. Ka bar lemun tsami kawai."

"Ko shayi mai zafi na sha yana tashi. Kuma yana daɗewa."

Na ji maganar da kunnena. Amma hankalina yana kan goron da zai bushe in aka jinkirta, da kuma daɗin a ce na sani. Na ƙulla masa kanumfari a tsumma na ce ya tafi, ba komai.

Ayarin ya dawo babu shi. Abokin tafiyarsa ya tsaya a ƙofar gida ya ce mini tun kafin su isa Bawku fuskarsa ta kumbura har ido ya rufe, zazzaɓi ya kwantar da shi. Wani wanzami a zangon can ya cire haƙorin, ya matse ruwan ciwo mai yawa. Suka baro shi a gidan mai masauki, ba ya iya haɗiyar komai sai ruwan koko.

Kwana goma sha tara na yi ina dama kunu ban san me nake damawa ba. Ban faɗa wa kowa cewa ya nemi ya fasa tafiyar ba.

Ranar da ya iso, a kan jaki, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Na durƙusa na ce, "Maigida, ni na tura ka."

Ya ce, a hankali saboda bakin bai gama warkewa ba, "Na faɗa miki komai, ai. Ke ce kika riga ni sanin amsa."

Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya, ni ce ban daina jin sa ba. Ciwo biyu suna iya shigowa ta ƙofa ɗaya, ɗaya ya gaishe ka ya wuce, ɗaya ya zauna yana ci. Na san bambancinsu sarai a ranar. Abin da ban yi ba shi ne in ce wa mutumin da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ya buɗe baki in gani. Yanzu ko jikata ce ta ce mini wani wuri na yi mata ciwo, nakan ajiye abin da ke hannuna, in bar ta ta kai ƙarshen maganarta.