Ranar da Malam Ya Tuƙa Tuwon Cika-ciki

Jiya da la'asar na jiyo maƙwabciyata ta bayan katanga tana buga muciya a bakin tukunya, irin bugun nan na kakkaɓe tuwo in an gama tuƙi. Ƙarar ba ta taka kara ta karya ba, amma sai da ta mayar da ni gidan da na tashi a Dukawuya, gaban murhun kakata.

Gidanmu babba ne. Kakana baduku ne, kowa Malam yake ce masa, har ita Kaka. A zaure yake wuni yana ɗinkin takalma, a nan yake cin abinci da mahaifina da baffana da duk baƙon da Allah ya kawo. Mata kuwa a ciki suke ci. In Malam zai shiga cikin gida sai ya yi gyaran murya tun daga soro, innata da matar baffana su ja mayafi su shige ɗaki, don kunyar suruki.

Rana ɗaya ce a shekara wannan tsari yake sauyawa, ranar cika-ciki, goma ga watan farko na shekarar Musulunci. Wataƙila kai mai karatu ba ka riski yadda ake yinta a da ba. Tun ranar layya Malam yake yanke jelar rago da hannunsa, ya shafa mata gishiri, ya miƙa wa Kaka. Ita kuma ta rataye ta saman murhu, hayaƙi ya yi ta dukanta har wata ya zagayo. Ranar cika-ciki Kaka ba ta yarda kowa ya taɓa tukunya. Ita za ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da wannan jela, a raba wa gida da maƙwabta. Mu yara ana ce mana wanda bai ƙoshi ba a ranar, haka zai yi ta jin yunwa har shekara ta ƙare, don haka mukan ci har mu kasa tashi. Bayan magariba kuma sai Malam ya baro zaure, ya zo ƙofar ɗakin Kaka ya zauna a tabarma, su biyu su sa hannu a akushi ɗaya. Ba su cika magana ba. Sai dai ka ga yana tura mata wajen kitse, tana turo masa.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula karo na farko, garin ya cika da hayaniya. Mahaifina yana wannan jam'iyya, baffana yana waccan, zaure ya koma wurin musu, rediyo ba ta mutuwa. A cikin wannan hali aka yi layya. Malam ya yanke jela kamar kullum, Kaka ta rataye. Ba a jima ba, wata safiya tana alwala ta faɗi a gindin randa. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita ɓarin jikinta na dama a shanye, bakinta ya ɗan karkace.

Ciwon bai kai abin da ya biyo baya tayar mana da hankali ba. Kaka ta daina cin abinci. Matar da ta hore mu kada mu kuskura mu kai loma da hagu, yanzu hagun kaɗai ya rage mata. Innata ta gwada ba ta a baki, ta kawar da kai. Koko kawai take kurɓa, shi ma sai an roƙa. Ta juya fuska bango, tana ta ramewa, ga sanyi ya fara shigowa. Ni ce nake kwana a ɗakinta, na san ba barci take yi ba.

Da ranar cika-ciki ta zo, innata da matar baffana suka shirya za su yi girkin a madadinta. An sauko da jela, an hura wuta, sai muka ji gyaran muryar Malam da rana tsaka, lokacin da bai saba shigowa ba. Suka shige ɗaki. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, yana kallon ƙasa, "Allah ya yi muku albarka. Yau ku huta."

Ya shiga ɗakin Kaka. Na ji yana cewa, "Tashi ki nuna min."

"In nuna maka me, Malam?"

"Tuwo. Ban taɓa cin na kowa ba a wannan rana, ba kuma zan fara yau ba. Ke ce mai girkin, ni aron hannu kawai na kawo."

Ta ce zai zama abin magana a unguwa. Ya ce unguwa tana can tana musun wa zai samu muƙami, babu mai lokacinsu. Shi da kansa ya tallafo ta, na ɗauko matashi, muka jingina ta da bangon madafa inda hasken rana yake sauka.

Ban taɓa ganin Malam ya rasa yadda zai yi da hannunsa ba sai ranar. Mutumin da yake huda fata ba ya duba, ga shi ya tattare babbar riga a kafaɗa, hayaƙi yana sa shi hawaye, ya riƙe muciya kamar sanda. Da farko Kaka kallo kawai take yi kamar ba da ita ake ba. Sai da ya ɗauki ƙwaryar gari zai juye gaba ɗaya a ruwan da bai tafasa ba, sannan ta kasa daurewa.

"Talge ake fara yi," ta ce, maganar tana fita da ƙyar. "Dama kaɗan da ruwan sanyi."

Daga nan bakinta ya buɗe. Rage wuta. Sa kanwa. Taka gindin tukunyar kada ta kife. Ba haka ake juyawa ba, daga ƙasa ake ɗaukowa. Shi kuma yana ta cewa "To," kamar ɗalibi gaban malaminsa. Innata da matar baffana suna leƙe ta bayan labule, suna toshe baki. Mahaifina ya shigo neman wani abu, ya ga mahaifinsa durƙushe gaban murhu, ya tsaya cak, sannan ya juya a hankali ya koma. Daga baya na ji an kashe rediyon zaure.

Gaskiya tuwon bai yi kyau ba. Ya yi gudaji, miyar ta yi gishiri don ya manta jelar da nata gishirin. Amma aka raba wa maƙwabta haka nan, Kaka ta ce kada a rage gida ko ɗaya.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma. Na kawo akushi da ruwan wanke hannu, na raɓe a gefe. Kaka ta dubi tuwon, ta dubi hannunta na dama da yake kwance a cinyarta. Malam ya wanke hannu. Ya yi bisimilla, ya gutsuro loma, ya dangwala, ya kai bakinta. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta karɓa. Ta tauna a hankali.

"Malam," ta ce, "wannan tuwo ko a gidan makoki ba a kai shi."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ita ma ta yi, da rabin bakin da ya rage mata. Loma ɗaya gare ta, ɗaya gare shi, har suka ga gindin akushi. Washegari ta yarda innata ta ba ta abinci, daga baya ma ta koyi ci da cokali a hagu, bayan Malam ya gaya mata lalura ce, Allah ba ya kama mai lalura. Ta ƙara shekaru a duniya, ta ga auren yayata. Duk cika-ciki shi yake tuƙawa, kuma har ya rasu hannunsa bai gyaru a tuƙin ba.

Yau an raba gidan gado, madafar ta zama shago. 'Ya'yana sun san azumin ranar, amma sauran al'adar sai dai su ji a bakina. Ba na cewa zamanin da ya fi na yanzu, don na ga wahalarsa a jikin iyayena mata. Abin da nake yawan tunawa shi ne, mutanen nan biyu ban taɓa jin sun ambaci so ba, ko sunan juna ba sa kira, amma da rana ta ɓaci, dattijo ya san ainihin abin da ke ciwo a ran matarsa, ya kuma ajiye girmansa a ƙofar madafa ya shiga.

Maigidana ya yi ritaya bara. Kwanakin baya ina girki na ga ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana ta kalle-kalle kamar baƙo. Can ya ce, "Hajiya, akwai abin da zan taya ki?"

Saura kaɗan in ce masa ya je ya zauna, yanzu zan gama. Sai na matsa masa wuri, na miƙa masa wuƙa da albasa.