Ramukan Malam Mika'ilu

Ranar da aka shimfiɗa kwalta a layin bayan garejinsa a Kwarbai, duk unguwa murna ake yi, ban da Malam Mika'ilu bakanike. Har gaisuwar ta'aziyya aka riƙa yi masa don tsokana. Masu keke napep su tsaya bakin gareji su ce Allah ya jiƙan ramuka, shi kuwa ya amsa da amin, ko murmushi babu.

Ai da gaskiyarsa. Ramuka uku ne a layin nan, kuma shekara talatin da 'yan kai su ne na'urarsa. Tun zamanin Fijo, in aka kawo masa mota mai ƙara a ƙafa, ba ya ɗaga jak, ba ya taɓa sifana. Sai ya shiga, ya sauke gilashi, ya kashe rediyo, ya ce da mai mota ya kama bakinsa. Rami na farko mai zurfi ne, shi ke tona asirin shokazoba. Na biyu a karkace yake, nan robobin ƙasa ke kuka. Na uku yana daidai kwanar gidan dukawa, dole kana murɗa sitiyari kana faɗawa. Kafin a kai bakin masallaci ya gama sanin ciwon. Bai taɓa tambayar mai mota abin da ya ji ba. Taƙamarsa ɗaya ce a duniya, wato motar da ya gyara ba ta dawo masa da ƙarar da ta zo da ita.

To, amma ba ramukan kaɗai suka tafi ba, kunnen ma ya soma bin su. A gida sai matarsa Asama'u ta maimaita magana sau uku, ya ce ita ce ke magana ciki-ciki. Kiran sallar da yake jiyowa a da tun daga unguwar Limancin Kona, yanzu sai dai ya ga mutane sun miƙe da buta. Ya sani sarai, amma gara masa ya ɗora wa kwalta laifi da ya faɗa da bakinsa.

Ana haka Hajiya Munira ta kawo jif ɗinta. 'Yar marigayi Malam Jalo ce, tsohon abokinsa. Tana ƙarama takan zauna bayan Fijon mahaifinta tana ɓare gyaɗa, Mika'ilu na daka mata tsawa ta yi shiru za a shiga rami. Yanzu ma'aikaciya ce a Kaduna, kullum tana kan hanya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ƙafar gaba ta dama ce ke ƙwas-ƙwas. Ta soma bayanin lokacin da ƙarar take tashi, ya ɗaga mata hannu kamar yadda ya saba.

Ya zaga da motar kan sumul ɗin kwalta sau biyu, bai ji komai ba. Ya sauko ya danna gaban motar, ya leƙa, ya hangi ɗan jiƙon mai a jikin shokazoba. Kaico, sai dattijon nan ya yi abin da ya daɗe yana zagin wasu a kai, ya yi canke. Ya canza mata shokazoba biyu, ya ce ta tafi.

Kwana uku sai ga jif ta dawo, da rana tsaka, maƙwabta na kallo. Bai ma ji abin da Munira ta ce da farko ba, a fuskarta ya karanta. Da ta matso kusa ta ce maigidanta ya ce a kai wa masu duba mota da kwamfuta, ita ce ta roƙi a bari Baba ya sake dubawa. Wallahi kunya ta kama shi har cikin ƙashi. In wannan motar ta fita da ƙararta, ya san ranar zai rufe garejin.

Ya buɗe bonet, yana bin tsohon layin a ransa. Rami na farko, na biyu. Da ya zo na uku sai ya tuna ba zurfinsa ke aiki ba, murɗa sitiyarin ne. Ya ce da Munira ta shiga ta tayar, ta riƙa juya sitiyari a hankali, hagu da dama, motar na tsaye. Shi kuwa ya ɗora tafin hannunsa a kan shokazoba daga sama, inda notuna uku suka riƙe ta da jikin mota, ya rufe ido.

Ai kuwa sai ga shi a hannunsa. Abin ya cije, ya saki, ya sake cijewa. Boris ɗin da ke cikin kan shokazobar ne ya mutu, robar da ke riƙe da shi ta tsage, shi kuma ya mayar da tsohon kan a bisa sabuwar shokazoba. Ya sauke ƙafar, ya matse sifirin, ya sa sabon kai. Ana sallame la'asar ya gama ɗaure noti na ƙarshe.

Saura gwaji. Ya ja motar, Munira na gefensa, har can wajen ganuwa inda kwalta ta ƙare, akwai wani kwazazzaɓo a kwana. Ya sauke gilashi, ya kashe rediyo, ya murɗa sitiyari ya faɗa. Bai ji komai ba. Amma ai wancan karon ma bai ji komai ba.

Ya taka birki, ya juya wajenta.

"Munira, motar ta yi shiru?"

Ta dube shi. Tun tana 'yar shekara shida ta san mutumin nan, ba ta taɓa jin ya tambayi kowa haka ba. Idonta ya ciko. Ta ce masa wani abu.

"Ɗaga murya, 'yar nan. Kunnen ya tafi."

Ta matso daf da shi. "Ta yi shiru, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya sa ribas, ya ce su sake shiga sau ɗaya, ta saurara masa da kyau.