Kujerar Aurena a Cikin Kwalekwale

Jiya jikana yana ɗaga kujerar motarsa don ya hango titi, sai mijina marigayi Malam ya faɗo min a rai.

Ina amarya a Ajingi, zamanin sule da sisi, kwalekwale yake tuƙawa. Dogon jarumi irin na littattafai na yi mafarki, Allah ya ba ni gajere. In an jibga buhunan gero, ba ya ganin gabansa.

Wata damina kogi ya cika, sai Malam ya ɗauki kujerar aurena zai ɗora a mazauninsa don ya hango gabansa.

"Haba Malam, kayan ɗakina za ka kai ruwa?"

"Amarya, kujerar kike so ko mijin?"

Kullum da yamma tare suke dawowa, shi da kujerar, a jiƙe. Yau kujerar kaɗai ta rage, tana gefen gadona.

Ku me kuka adana na masoyanku?