Guga Shida a Rijiyar Gidanmu

A watan Oktoba na 1979, makon da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, aka yi sunan ƙanwata a gidanmu da ke Zaitawa. Shekarata goma sha ɗaya, ina kuma taƙama da cewa babu wanda ya kai ni lissafi a ajinmu. Da hantsi kakata, Inna Yalwa, ta nuna mini randuna shida, ta ce lallai a cika su kafin azahar, domin da ruwan za a dama kunun zaƙin matan da za su zo yinin suna.

Ƙa'idar rijiyarmu sananniya ce: guga biyu ake zura mata, ɗaya na sauka ɗaya na hawa, kuma hakan ya fi guga ɗaya sauri nesa ba kusa ba. "Biyu take ɗauka," in ji Inna kullum. Ni kuwa na buga lissafina, na ga cewa idan biyu sun fi ɗaya, ai shida za su fi biyu. Na bi maƙwabta na aro guga huɗu, na tattaro abokaina biyar, muka kewaye bakin rijiyar.

Jan farko ya yi armashi. Daga na uku igiyoyi suka sarƙe, gugunan suka riƙa karo da juna a ƙuntataccen bakin, kowane ya fito da rabin ruwa. Igiya ɗaya ta tsinke, muka ɓata lokaci muna lalube da ƙugiya. Mafi muni, mun ɗebi ruwan fiye da yadda idon rijiyar ke kawowa, har muka taso da laka. Aka kira azahar randa biyu kawai muka cika, su ma da jan ruwa. Mahaifiyata, da ɗanyen jegonta, ta sha kunya gaban dangin mijinta, kunu bai fito ba sai bayan la'asar, da ruwan roƙo. Inna ba ta dake ni ba. Cewa ta yi, "Malam mai lissafi, ka ƙirga guga, ka manta da rijiya."

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne jikana Sadiku. Jarrabawa na gabansa washegari, ya zauna yana sauke bidiyon darussa goma sha biyu a lokaci guda, dukkansu daga shafin intanet ɗaya na makarantarsu, kowane yana jan ciki, yana ta tsaki yana zagin kwamfuta. Na ce ya tsayar da goma ya bar biyu. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, intanet fa ba rijiya ba ce." Har aka yi la'asar ko ɗaya bai kammala ba.

An daɗe da cike rijiyar nan, Inna ma ta daɗe da rasuwa. Yau ni ne a mazauninta, ina jiran yaro ya ga laka da idonsa.