Girgizar Ƙasa a Bayan Gidan Inna

Jama'a, yau an kama mai girgiza ƙasar Garwa, kuma kakarmu ce!

Kun san ƙanwata Habiba da ke karatun ilimin ƙasa a jami'a. Ta binne na'urar auna girgizar ƙasa a bayan gidan Inna, aikinta na kammala karatu ke nan. Tun makon jiya na'urar ke nuna ƙasa na motsi kullum da hantsi. Malaminta ya ce wataƙila ta lalace, in haka ne kuwa sai Habiba ta sake aikin daga farko. Har kuka ta yi!

Ɗazu na kai ta da malamin nata gidan Inna a mota, muka zagaya baya. Me za mu gani? Inna ce da turminta dab da na'urar, tana ta dakan gero!

Habiba ta dafe kai. "Inna, me ya kawo ki nan?"

Inna ta ce, "Awaki ke hawa kan abin naki, shi ne na dawo nan ina yi miki gadi."

Malam ya yi dariya har da hawaye, ya yi mata godiya da Fulatanci, ya ce, "Useko, Hajiya! Na'ura lafiyarta ƙalau."

Habiba ta rungume ta. Inna ta ture ta, ta ce, "Ke matsa mini, baƙonki bai sha fura ba tukuna."