Jar Fatar da Ke Bangon Falonmu

Irin wannan lokacin ne, da sanyi ya ja da baya, itatuwan birnin Greensboro suka fara zubo garin furen nan rawaya a kan motoci, Allah Ya karɓi ran maigidana, Malam. Shekara tara ke nan. Waccan shekarar na ga kamar ba za ta ƙare ba. Bana kuwa gidan cike yake da dariya, don autarmu Rakiya ta samu miji. Shi ya sa na ɗauki biro, da ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci, in tuna da shi.

Malamin tarihi ne a Zariya kafin mu zo nan ƙasar waje ya koma ɗaukar kwalaye a wani sito a titin Wendover. Ni kuwa 'yar majema ce. Babana a wurin jimar fata ya tsufa, hannunsa bai taɓa rabuwa da warin bagaruwa ba. Ina amarya wata 'yar'uwar Malam ta toshe hanci a gabana. Malam bai yi mata faɗa ba. Zaunar da ni ya yi, ya ba ni labarin wani sarki.

Ya ce a arewacin Faransa, a ƙasar Normandi, an yi wani yaro kusan shekara dubu da suka wuce. Ubansa ne mai ƙasar, uwarsa kuwa an ce 'yar majemi ce. Yana ƙarami sarauta ta faɗo kansa, aka yi ta kashe masu riƙonsa, shi dai Allah Ya yi da sauran kwanansa. Da ya girma ya kewaye wani gari da yaƙi, sai mutanen garin suka rataya fatu a kan ganuwa suna yi masa gori. To wannan jikan majema, in ji Malam, shi ne ya tara jirage ya ƙetare teku, ya ci Ingila, ya cika ta da gidajen dutse, har ya sa aka ƙirga gonakinta da shanunta.

Na tambaye shi me ya yi wa masu gorin. Ya ɗan sosa ƙeya, ya ce hannuwa da ƙafafu ya sa aka yanke musu. Na ce, "Malam, wannan sarkin naka ba shi da haƙuri." Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai shi ya sa da ya mutu ma akwatin kabarinsa ya ƙi ɗaukarsa, ƙiba da zafin rai sun yi masa yawa.

Da muka kama gida a unguwar Glenwood, abin da ya fara kafawa a bango jar fatar akuya ce da babana ya jeme da hannunsa. Ya ce, "Su don zagi suka rataya, mu don ado." Tuta yake ce mata.

Makon jiya, ana gobe dangin saurayin Rakiya za su zo gaisuwa, maƙwabciyata Hajiya Talatu ta ja ni gefe. Ta ce mutanen masu duba asali ne, in sauke fatar nan kada a yi tambayar da za ta ɓata wa yarinya aure. Don Allah ta faɗa, na sani. Na sauke, na naɗe, na sa a ƙasan akwati. Amma na wuni ina kallon ƙusar da ta rage ita kaɗai, ina tunanin me Malam zai ce. Na san da yana nan, da baƙin sun sha labarin Normandi tun daga haihuwar sarki har binne shi, shayi na hucewa a gabansu.

Da yamma Rakiya ta dawo daga aiki, ta tsaya ta kalli bangon.

"Mama, ina tutar Baba?"

Na gaya mata abin da Hajiya ta ce. Sai ta ce da Hausarta mai karkata zuwa Turanci, "In fata ce za ta hana su shigowa, ai ta yi mana aikin maigadi. Ko kina so in yanke musu hannu?"

Dariyar ubanta ce sak ta fito daga bakinta.

Malam bai bar mana gida ba, bai bar gona ba. Sarkinsa ya bar gidajen dutse, amma gorin da aka yi masa bai taɓa barinsa ba. Malam kuwa ya bar mini 'yar da ba ta sunkuyar da kai in an ambaci kakanta. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Washegari da safe na ɗauko fatar, na kakkaɓe ta. Ban mayar da ita kan ƙusarta ba. A ƙofar gida na rataya ta, ta waje, inda duk mai sallama sai ya gan ta, sannan na shiga na ɗora ruwan shayi.