Taswirar Burtali da Sunan Kawu

Lokacin da nake aikin duba lafiyar dabbobi a Tambuwal, na sha ɓata a daji in an kira ni wata ruga. Shi ya sa na fara haɗa taswirar burtali a waya. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi kiwo tun yana yaro, don haka ranar da ba aiki sai in goya shi a babur mu nufi Kebbe, mu gangara Fakku. Shi ya nuna, ni in danna: rijiya, mashaya, inda burtali ya ratsa gonaki ya tsuke har shanu sai sun bi layi. Kowane tafki yana da suna a bakinsa, wani har da labarin da sai na kashe babur nake jin ƙarshensa.

Da taswirar ta yi kyau, abokan aiki suka fara roƙo in tura musu. Wata 'yar ajinmu, lauya a Sakkwato, ta ce in fara yin rajistar haƙƙin mallaka. Ta ce haƙƙin namu ne tun ranar da muka yi aikin, amma takardar shaida ce ke tsaya wa mutum in wani ya kwafe ya goge sunansa, ko ya sauya wani abu.

Na kai wa Kawu maganar a gidanmu, ya ture kwanon furarsa.

"Mi kaka cewa? Burtalin da kakanninmu sunka bi, kai za ka mallake?"

"Ba burtalin ba, Kawu. Zanen."

"Zanen ma kofaton shanu ya yi shi!"

Inna tana gefe tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce masa, "To in wani ya ɗauki abin ga, ya karkata burtali cikin gonar bayin Allah, ya ce kai ka nuna fa?"

Kawu ya shafa gemu. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a ce ya haɗa manomi da makiyayi faɗa.

"A rubuta," ya ce. "Amma mai shanu da mai gona, kowa shi duba kyauta."

Haka muka sa a sharuɗɗan amfani, aka yi rajista da sunayenmu biyu. Ranar da takardar ta fito na karanta masa, ya ce ba wani abu ba ne. Daga baya Inna ta faɗa min ya zaga da ita kasuwa a aljihun rigarsa.

Har yau, in rijiya ta rufta wajen Dogon Daji, kafin azahar saƙonsa ya iso: in gyara, kada a ce taswirarsa ta yi ƙarya.